Akwalar da Ta Faɗi Bizit, a Kwance Ta, Kada a Sayar wa Ɗan'uwa

Jama'ar Tamanrasset, na Gat el Wed da Tahaggart da sauran unguwanni, direbobi da makanikai da dillalai, da ku alhazai masu saya wa yara mota su yi muku haya. Maganar tsohuwar mota zan yi, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Tun 2003 gwamnatin Aljeriya ta wajabta kai mota gwajin lafiya, wato bizit, a cibiyoyin da hukumar ENACTA ke kula da su. Tasi da bas duk wata 6 ake kai su, motar gida kuwa in ta haura shekara 6 sai duk shekara. Ana duba birki da sitiyari da tayu da fitilu da hayaƙi, a leƙa ƙarƙashinta. In matsalar mai gyaruwa ce a ba ka wa'adi ka gyara ka dawo, in ta yi muni a hana ta hawa titi. Wanda motarsa ta faɗi bai yi abin kunya ba, ƙarfe ma yana tsufa. Abin kunyar shi ne abin da wasunmu ke yi bayan sun fito daga can.

Wani zai ari tayu huɗu a wurin abokinsa, ya koma ya ci gwajin, da yamma ya mayar da su ya ɗaura nasa da suka suɗe. Wannan wauta ce, amma aƙalla shi ma yana cikin motar. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda makanike ya gaya masa gaskiya cewa ƙashin motar ya tsage, injin ya gama yayi, sai ya wanke ta, ya fesa mata fenti, ya zuba baƙin mai mai kauri don injin ya yi shiru na kwana biyu, ya miƙa wa dillali. Wa zai saya? Ba Alhaji ba, shi ya san mota. Yaron da ya zo daga Damagaram ko Maraɗi ne, wanda ya shekara yana ɗaukar siminti a wurin gini yana tara dinari. Ko kuma a tura ta kudu, ana cewa ai can ba mai tambayar takarda. Lallai babu mai tambaya, domin motar da ba ta da takarda ba ta bin kwalta. Hanyar rairayi take bi don kauce wa shingen jandarma, inda babu gareji, babu rijiya, babu mai wucewa.

Daga nan zuwa In Gezzam kusan kilomita 400 ne, sannan Assamaka, sannan Arlit. A gari, in lagireto ya fashe, ka tura motar gefe ka sha shayi ka jira makanike. A tsakanin Arlit da iyaka in ya fashe, maganar rai ake yi. Mun gani a 2013. Motoci biyu suka taso daga Arlit ɗauke da mutum sama da 100, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, za su zo garin nan. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke mutanenta ta juya neman kayan gyara, ita ma ta mutu a hanya. A ƙarshen Oktoba aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ta kashe su. Nijar ta yi makokin kwana 3. Allah ya jiƙansu da rahama. An yi ta magana kan talauci da bara da masu safarar mutane, kuma duk gaskiya ne. Amma ni abin da nake so mu tsaya a kai shi ne motocin. Kowace mota da ke bin wannan hanya akwai wanda ya sayar da ita, akwai wanda ya ɗaure mata ƙusa na ƙarshe ya ce za ta kai.

Na san abin da za a ce mini: Malam, ka san kuɗin mota a ƙasar nan kuwa? Na sani. Tun 2005 aka hana shigo da motocin hannu, ba a sake buɗe ƙofa ba sai 2023, shi ma ga waɗanda ba su kai shekara 3 ba. Shi ya sa tsohuwar Fijo 504 ko Land Cruiser da ta girmi direbanta take da kuɗin da ba ta cancanta ba, kuma mutum yana ganin in ya kwance ta ya kwance jarinsa. Asara ce, ban musa ba. To amma asarar taka ce, kai ka ci moriyar motar shekara da shekaru. Da wace hujja za ka ɗora ta a kan wanda bai kai ka ƙarfi ba? Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani ƙarara cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma mai saye yana da ikon mayar da ita in ya gano an ɓoye masa. Cewa "ka duba da idonka, yadda ka gan ta haka take" ba ya wanke wanda ya san inda tsagar take ya yi shiru. Dillalin da ya sani ya karɓi la'ada, shi ma yana ciki.

Ita kanta gwamnati sai da rai ya salwanta ta motsa. Ranar 15 ga Agusta 2025 wata bas ta faɗa kogin El Harrash a birnin Aljas, mutum 18 suka rasu, sannan Shugaba Tebboune ya ba da umarnin janye duk bas ɗin da ta haura shekara 30 daga hanya. Mu ba sai mun jira irin wannan ba.

Rabuwa da akwala ba wuya gare ta ba. A kai ta wurin 'yan gwangwan a kwance ta. Ƙofofi, gilasai, giya, kujeru, abin da yake da lafiya a sayar da shi da sunansa na tsoho, sauran a auna a kilo.  Sai dai abin da ya kayar da ita a gwaji, birki ne ko sitiyari, kada ya koma kasuwa ya shiga wata motar. A sa guduma a fasa shi. Batir kuma akwai dalma da ruwan guba a cikinsa, a ba masu sayensa, kada a bari yara su fasa suna wasa. Baƙin mai a tara a jarka, kada a tuttular a cikin ƙorama. Garin da sai da aka jawo masa ruwa a bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750, bai kamata mutanensa su ɓata ɗan abin da ke ƙarƙashin ƙasarsu ba. Kuma don Allah a daina yar da gangar jikin mota a bakin layi ta zama maɓoyar kunamu da masu shaye-shaye.

Sai takardu. A cire lamba, a kai kart griz, wato takardar mallakar mota, ofishin da ya bayar a soke. Wanda ya sayar da mota da baki kawai ya bar ta da sunansa, ranar da aka kama ta da man sumoga ko ta kashe wani, ƙofarsa jandarma za su fara ƙwanƙwasawa.

Makanikai, ku ne kuka fi kowa sanin wadda ta mutu. In yaro ya kawo muku mota ku duba masa kafin ya biya, ku gaya masa gaskiya ko da mai sayarwar maƙwabcinku ne. Shugabannin tasha, ku hana lodi a motar da ba ta da bizit, ko ta wane ce. Limamai, ku sa wannan a huɗuba kamar yadda kuke yi wa masu tauye mudu. Ku kuma iyaye mata masu tafiya gida da yara, kafin ku biya kuɗin mota ku tambayi direba takardarsa, in ya fara kame-kame ku sauke kayanku ku jira wata.