Waldar da Fenti Ya Rufe: Shin Taƙawa Tana da Iyaka a Sana'a?

 

A wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi akwai wani dattijo maƙerin amalanke, ɗan ɗariƙa. Ƙira gadonsa ce. Kakansa ya narka tama da gawayi, kuma kafin a hura wuta sai ya yi yanka ga iskoki, kamar yadda annan ƙasar suke yi a da. Ubansa ne ya fara sallah a gidan, ya rayu yana ƙera hauya da gatari da lauje a zamanin gyaɗa. Shi kuwa farin 1984 ya kore shi Maraɗi, inda ya koyi walda, ya kuma karɓi wuridin Tijjaniyya a hannun wani muƙaddami. Ya komo gida da abu biyu, sana'a da carbi.

A ƙasar rairayi amalanke ba abin wasa ba ce. Ita ke kai taki gona, ta kwaso damman gero, ta ɗauko ruwa daga rijiya. Da tsakar dare kuma ita ce motar da ke kai mai naƙuda gidan likita.

Matsalar tana nan a ƙarƙashinta, inda ƙarfen da ke riƙe tayoyi ya haɗu da gangar jiki. Mai saye ba ya leƙa wurin. Ko ya leƙa, fenti ya rufe. Ana iya ɗiga walda sama-sama a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, ta yi kyau ranar kasuwa, ta karye bayan damina biyu. Dattijon nan ba ya yin haka. Saboda haka aikinsa yana jinkiri, kuɗinsa ya fi na wasu, masu saye da yawa suna wuce shi.

Babban ɗansa ya taɓa yi masa magana, kuma maganar ba ta banza ba ce. Ciyar da iyali wajibi ne. Talakan da ke neman mai araha ya san abin da aljihunsa zai iya. To don me a rasa tiyar hatsi a gida saboda tsantsenin da ba wanda ya nema? Ashe ba son kai ba ne mutum ya sayi natsuwar zuciyarsa da yunwar 'ya'yansa?

Rabin maganar gaskiya ne. Shari'a ba ta hana yin abu mai araha ba, ɓoye aibi ta hana. Da ya ƙi yin ƙaramar amalanken jaki don kawai ba ta kai darajarsa ba, da girman kai ne ya sanyo rigar wara'i, kuma shehunnan tarbiyya sun fi tsoron irin wannan ga muridi a kan zunubin fili. Amma ɗaya rabin ba ya tsayuwa. Mai saye ya yarda da araha, bai yarda da karyewa ba, matarsa da za a ɗora a kai cikin dare kuwa ba a ma tambaye ta ba. Ihsanin da hadisin Jibrilu ya bayyana bai tsaya a bakin zawiya ba. Annabi Dawuda, Alaihis Salam, wanda aka tausasa masa ƙarfe, an umarce shi ya daidaita saƙar sulke, alhali yana Annabi mai yawan tasbihi. Wanda ya zauna wazifa yana istigfari da Salatul Fatihi, shi ne dai ya riƙe abin walda da hantsi.

Dattijon bai yi wa ɗansa wa'azi ba. Ya soma yin amalanke iri biyu, yana faɗa wa mai saye nauyin da kowace za ta iya ɗauka, ya kuma daina shafa fenti sai an biya. Mai saye yakan durƙusa ya duba waldar da idonsa. Wasu har yanzu suna wucewa wurin mai araha, rumbun gidan kuma wata shekara ba ya kaiwa kaka. Ɗan ne yanzu yake kifar da amalanken a gaban baƙo, ya nuna masa mahaɗin da yatsa.