Mawaƙin Da Ke Yi Wa Kansa Amshi

Zaren kaset ɗin da muka taso muna saurare layuka huɗu ne a jikinsa, biyu a kowace fuska. A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da wata na'ura mai suna Portastudio, wadda ta sa layukan nan huɗu suka fuskanci gefe guda. Mutum yana ɗakinsa sai ya naɗi ganga a layin farko, ya mayar da kaset baya, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, yana jin gangar yana ɗora garaya a na biyu, murya a na uku. In fili ya ƙare, sai ya juye ukun cikin na huɗu, ya goge su, ya ci gaba. Sai dai abin da aka gauraya ya gaurayu ke nan, kuma duk juyi ɗaya yana ƙara wa sautin dishi-dishi.

Dabarar ta girmi na'urar. Tun a 1951 wani makaɗin Amurka, Les Paul, ya riƙa ɗora muryar matarsa Mary Ford a kan muryarta, har mai sauraro ya zaci taron mata ne. Mu kuwa ta shigo mana gadan-gadan ne ta hanyar waƙoƙin fim, lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama a Kano. Yau kwamfuta ta karɓi aikin kaset, layuka ba iyaka.

Ku leƙa irin ƙananan sutudiyon da ke lungunan Sabon Garin Zariya, ko waɗanda ɗaliban jami'a ke zuwa a Samaru. Shago ne aka raba biyu, an manne bangon da soso da kwalin ƙwai. An kashe fanka don kada makirufo ya ɗauki ƙararta, an kai janareta can nesa da doguwar waya. Yaro ya shiga akurkin naɗi shi kaɗai, gumi na zuba, ya rera baitinsa. Sai mai haɗa kiɗa ya ce, "Saura amshi, ina mutanenka?" Ya ce, "Yaya, ai ni zan yi, kuɗin mota ma ya ishe ni." A mayar masa da muryarsa a kunne, ya amsa wa kansa sau uku, a tara su, sai ka rantse mutum huɗu ne.

Ba na raina wannan. Ta buɗe wa ɗan talaka ƙofar da a da sai mai tawaga da ubangida ke shiga. Amma akwai abin da ke damuna a ciki. Idan yaron nan ya kauce wa kiɗa a baitin farko, ko muryarsa ta ɗan zame ƙasa, amshin da zai ɗora zamewa zai yi daidai wurin, domin abin da ke kunnensa yake bi. Na biyu ya bi na farko, na uku ya bi na biyu. Kafin a gama, kuskuren ya yi kauri, ya sami shaidu uku, har ya daina kama da kuskure. Shi da kansa in ya saurara daɗi zai ji, tunda duk muryoyin sun yarda da juna.

Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a nan Samaru, bai taɓa waƙa a irin wannan kaɗaici ba. Mun mayar da 'yan amshinsa abin zambo ga duk wanda ba ya musu, alhali ba mu yi musu adalci ba. Amshin nan shi ke ba shi sararin numfasawa ya ƙullo baiti na gaba, masu kalangu kuma su ke riƙe da ma'aunin tafiyar. Kunnuwa ne daban da nasa, a jikin mutane masu iya jin an karkace.

Abin ya wuce waƙa. Akwai maigidan da zai yanke maganar auren 'yarsa shi kaɗai, sannan ya kira ƙannensa "shawara" bayan ya riga ya karɓi kuɗin gaisuwa. Akwai shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa da ba ya zama sai da waɗanda shi ya ɗora su. Ɗaki cike da mutane, amma murya ɗaya ce aka naɗa sau da yawa. Kuma irin wannan hukunci, da zarar an ɗora masa alkawari da kuɗi da sunan gida, ba ya warwaruwa sai an yi asarar duk abin da ke kansa.

Shi ya sa masu haɗa kiɗan da suka san aikinsu ke ɓata lokaci a kan layin farko fiye da sauran duka. Sukan kashe kowane ado, su saki muryar tsirararta, su kira wani daga waje, ko da telan da ke maƙwabtaka ne, ya saurara. In ya yamutsa fuska, sai a ce da mawaƙi, "Ƙanena, koma ciki, ba mu ɗora komai a kan wannan ba tukuna."