Ciniki da Wanda Kayansa Ba Su Kwana

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, wanda ya shiga Kasuwar Dole ta Damagaram da sassafe a cikin watan Janairu, lokacin da hazon hunturu ya rufe sama, zai ga ni'imar Allah a zube: salati, karoti, tumatir, albasa da rake. Wannan gari, da ya kasance babban birnin ƙasarmu har shekarar 1926, ya daɗe da sanin fatauci. Kayan lambu kuwa sun ƙara yawaita ne bayan farin 1984, sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a zuwa ga noman rani.

A wannan kasuwa na ga wani dattijo da ya kawo kwandon tumatir daga lambunan Mirya, yana ƙudundune cikin bargo. Wani mai saye ya taya, dattijo ya ce albarka. Mai saye ya tafi abinsa, bai komo ba sai bayan La'asar, tumatir ya fara laushi. Ya ce: "Baba, ko ka sallama, ko gobe ka zubar." Dattijo ya sallama a rabin kuɗin safe.

Tambayarmu ita ce: yardar da tilas ta haifa, yarda ce?

Wani zai ce ba a yi laifi ba. Tayi halal ne, ba a tauye mudu ba, ba a yi ƙarya ba, kuma kaya idan suka yi yawa dole su yi araha. Mai sayen ma talaka ne, yana da iyali. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce cinikin ya ɓaci a wajen alƙali ba.

Amma mu duba. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, Allah Ya rataya halaccin kasuwanci ga yardar juna. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya hana tarbar masu kawo kaya tun ba su iso kasuwa ba. Malamai sun ce daga hikimar hanin akwai kare baƙo, don kada a ci shi da rashin sanin farashi. To, idan an hana cin mutum da rashin saninsa, yaya cin sa da rashin mafitarsa? Mai hatsi yana iya mayar da buhunsa gida ya jira. Mai tumatir ba shi da gobe. Ya yi makonni yana jan ruwa da asuba cikin ɗari, ga kuɗin mota yana jiransa. Wanda ya jira yamma da gangan ba ciniki ya iya ba, faɗuwar rana ya mayar makami.

Saboda haka a rarrabe abu biyu. Arahar da yalwa ta kawo rahama ce, a saya a gode wa Allah. Arahar da aka matso daga ƙuncin ɗan'uwa kuwa, ko shari'a ba ta warware ta ba, ihsani bai yarda da ita ba. Bukhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya roƙa wa mai sauƙi rahama, a sayarwarsa da sayensa da neman bashinsa. A lura, sayen ma yana ciki.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Kafin ka taya, tambayi zuciyarka: da ni na noma, zan sallama a haka da daɗin rai? Idan a'a, ƙara masa ko dala ashirin ce. Kai ba za ta talauta ka ba, shi kuwa wataƙila ita ce tuwon darensa.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya kiyashe mu cin haƙƙin raunana. Amin.