Filin jirgi da dukiyar maraya

Da wuya a sami garin da ya san jirgin sama a Nijeriya kamar Zariya, alhali babu jirgin fasinja ko ɗaya da ke sauka a cikinta bisa jadawali. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a nan, da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma daga filinta da ke kan hanyar Sakkwato ne matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirgi hanya daga hasumiya suka yi ta fita suna cika filayen ƙasar. Duk da haka maniyyacin da ke zaune a Ƙofar Doka ko Kwarbai ko Limancin Kona, idan tashi ya zo, mota zai hau zuwa sansanin alhazai na Mando a Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Ɗan kasuwa mai zuwa Jidda ko Alƙahira kuwa sai ya nufi Kano. Don haka ba abin mamaki ba ne Bazazzagi ya dubi Dutse da Birnin Kebbi da Bauci, waɗanda suka sami sababbin filaye a wajen 2014, ya dubi Damaturu, ya dubi Gusau da aka aza harsashin nata a 2024, ya ce to mu fa? Kishin gari ne, kuma ba laifi ba ne. Sai dai akwai wata tambaya a ƙarƙashin wannan, wadda ta malamai ce kafin ta zama ta injiniyoyi: idan shugaba ya ɗebi dukiyar jama'a ya gina filin jirgi, ya ce ya yi ne domin alhazai su tashi daga gida, aikin lada ya yi ko amana ya taɓa?

Hujjar alhazai tana da ƙarfi ne saboda ba mai son a ji shi yana musa ta a bainar jama'a. Wa zai miƙe ya ce kada a sauƙaƙa wa baƙin Allah? Amma Alƙur'ani ya rataya wajibcin hajji ne a kan wanda ya sami iko, kuma malaman Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Birnin Zazzau, sun fassara ikon da cewa mutum ya iya isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, yana mai amincewa a kan ransa da dukiyarsa, ko da a ƙafa ne ga wanda zai iya. Kakanninmu a kan wannan fahimta suka bi ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, wasu su shekara biyar ko fiye suna noma a hanya don neman guzuri, wasu su zauna a Sudan har jikokinsu na can yau. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kansa bai yi hajji ba, kuma babu wanda ya ga naƙasu a addininsa. Daga baya, bayan Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa sun kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a Kano a 1948, tafiyar shekaru ta soma komawa ta kwanaki, yau kuma ta awoyi ce. Babu maniyyacin da tafiyar awa biyu a mota ta hana shi sauke farali. Abin da ke hana mutane kuɗin kujera ne, wanda ya haura naira miliyan 8 a 2025, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata. Ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin fiye da shekara tara bai ci ko sisi ba kafin ya biya. Ke nan sabon filin jirgi yana ƙara wa wanda ya riga ya sami iko sauƙi ne, da kuɗin wanda ba shi da ikon.

Fiƙihu bai bar wannan batu a duhu ba. Akwai ƙa'ida sananniya da Imam Suyuɗi ya kawo a littafinsa na ƙa'idojin fiƙihu, wadda ma'anarta ita ce duk abin da shugaba zai yi da al'amarin talakawansa a ɗaure yake da maslaharsu. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar, Imam Shafi'i ma ya faɗi irinsa, cewa matsayin shugaba game da baitulmali kamar matsayin waliyyin maraya ne game da dukiyar marayan. Waliyyi ba ya kyauta da ita, ba ya sadaka da ita don neman wa kansa lada, kuma ba ya zaɓar abu mai kyau idan ga wanda ya fi shi kyau ga yaron. Imam Gazali da Imam Shaɗibi sun jera maslaha hawa uku: ta larura, wadda idan babu ita rai ko addini ko hankali ko zuriya ko dukiya za su salwanta, ta buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ta ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau. Ba a haramta ta ƙawa ba, amma ba a gabatar da ita a kan ta larura. Mutumin Zariya ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan jeri ba. Garin da aka shekara da shekaru ana jiran aikin ruwansa, daga madatsar Galma har matatar Shika, garin da 'yan garuwa suka zama ɓangare na kuɗin cefanen gida, ya san me ake kira larura.

Kada a ɗauka wannan magana ƙin kashe kuɗi ce a kan jiragen sama, domin idan aka bi jerin nan da gaskiya, wani ɓangare na harkar jirgi yana hawa na farko sak. Titin da jirgi ke sauka a kansa, da fitilunsa, da shingen da ke hana dabbobi shiga, da motocin kashe gobara, da na'urar da ke saukar da jirgi cikin hazon hunturu, da horar da wanda ke zaune a hasumiya, duk kiyaye rai ne. Arewa ta biya kuɗin wannan darasi da jini. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda, wanda rashin kyan yanayi ya hana shi sauka Legas, ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin alhazan da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Bincike ya nuna cewa iskar wasu tayoyinsa ce ba ta kai ba, an kuma san da haka, amma aka sake shi don kada ya makara. Wannan ƙaddara ce, mun yi imani, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba. Abin da ya kamata ya tsaya wa kowane mai mulki a rai shi ne ƙanƙantar dalilin. Iskar taya ba ta da bikin buɗewa, ba a sa mata sunan kowa, ba a ɗaukar hoto a gabanta, ga shi kuma ita ce ta raba ɗaruruwan gidaje da iyayensu.

Haka labarin Abuja yake. Titin jirgi guda ɗaya tak ke gare ta, an gina shi a farkon shekarun 1980 da nufin ya yi shekara 20, aka bar shi ya haura 30 ana faci, har ya zama dole a rufe filin baki ɗaya na mako shida daga 8 ga Maris 2017, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka ciyo bashin dala miliyan 500 daga Sin, a 2013, don gina sababbin ɗakunan fasinjoji a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, maganar titi na biyu a Abuja kuwa tun zamanin Shugaba 'Yar'aduwa ake yin ta. Abin da ido ke gani shi ke samun kuɗi da wuri, wanda rai ke rataye a kansa shi ke jira. Wannan juya jerin maslaha ne ƙafa a sama.

Mai musu zai ce ai ayyuka da niyya suke, kuma hidimar alhazai tsohuwar al'ada ce ta sarakunan Musulmi. Zai kawo Zubaida matar Haruna Rashid, wadda har yau hanyar Kufa zuwa Makka ke ɗauke da sunanta. Gaskiya ne, amma a dubi abin da ta gina: rijiyoyi da tafkuna da magudanar da ta kai ruwa Makka da Arafa, a zamanin da ƙishirwa ke kashe mahajjata a sahara. Aikinta na larura ne, kuma mai raƙumi da mai tafiya a ƙafa duk sun sha. Niyya kuwa tana gyara aikin da mutum ya yi da abin da ya mallaka, ba ta mayar da dukiyar wani ta zama sadakarsa. Gwamna na iya zama mai tsarkin zuciya ƙwarai, a kuma tambaye shi gobe kiyama dalilin da ya sa filin da ke cika mako kaɗan a shekara ya riga asibitin haihuwa samun kuɗi.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi: ci gaba yakan riga buƙata zuwa, idan ka gina fili jirage za su zo, masu zuba jari su biyo su. Tarihin Kano bai goyi bayan haka ba. Nan jiragen farko suka sauka a Nijeriya a 1925, kuma kamfanin KLM ya yi ta zuwa tun 1947, amma ya janye a 2012 alhali titin na nan bai je ko'ina ba. Masaƙu sun mutu, kasuwa ta ja baya, tsaro ya taɓarɓare. A 2017, duk da gyaran da aka yi wa filin Kaduna cikin gaggawa, manyan kamfanonin Turai sun ƙi sauka, na Habasha ne ya zo. Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022 saboda kuɗinsa sun maƙale ba canji, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Kamfanin jirgi fasinja yake bi, da kaya, da aminci, da tabbacin zai fitar da ribarsa. Hukumar filayen jiragen sama ta ƙasa ta sha faɗa cewa kaɗan ne daga filayenta ke iya riƙe kansu, sauran da kuɗin Legas da Abuja ake tallafa su. Kowane sabon fili kuma yana zuwa da albashi da man janareto da gyara na har abada, a wuyan gwamnatin da ba ta gina shi ba.

Wadda ta fi wuyar amsawa ita ce hujjar tsaro. Wanda ya san abin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama, ko ya tuna harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, ba zai raina mai cewa jirgin sama ceton rai ne ba. A wuri irin Maiduguri ko Agadas, inda nisa da hatsari suka haɗu, ina ganin fili buƙata ce ta gaske, wani lokacin ma larura. Amma a tambaya ran wa ake ceta. Manomi da ɗalibi da mai jinya suna nan a kan kwalta cikin motar haya. Akwai kuma illar da ta fi wannan ɓuya: ranar da mai mulki da iyalinsa da manyan ma'aikatansa suka daina bin hanya, ranar ce zafin gyara ta ke raguwa a zuciyarsu. Filin Kaduna ma an kai masa hari kwana biyu kafin na jirgin ƙasan, jirage suka daina zuwa na wani lokaci. Ba a iya tsallake rashin tsaro ta sama, domin dole jirgi ya sauka.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni da rainon masu sana'a cikin wajiban sarki. Bai ƙi gini ba, ya dai ɗaure shi da amfanin talakawa. Idan aka auna Zariya da wannan ma'auni, amsar tambayar Bazazzagi a fili take. Gari da ke tsakanin filin Kaduna da na Kano, kowanne tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba idan hanya na da lafiya, ba ya buƙatar na uku. Yana buƙatar babbar hanyar Abuja zuwa Kano ta kammalu a kuma tsare ta dare da rana, layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya iso ya tsaya a Zariya, filayen biyu kuma su sami na'urorin da za su hana soke tashi duk lokacin da hazo ya sauko. Kuɗin jirgin sama da ya dace a kashe a cikin Zariya kanta na kwalejin nan ne: jiragen koyo masu lafiya, malamai da ba a bar su sun gudu ƙasashen waje ba, da gurbin karatu kyauta ga yaro mai hazaƙa daga kwalejin Alhudahuda ko ta Barewa wanda ubansa ba zai iya biyan kuɗin koyon tuƙi ba.