A Jikin Wa Za a Koyi Allura?

Duk ma'aikacin lafiyar da ka ga hannunsa ya faɗa, yana soka allura yana hira, akwai wanda ya fara sokawa hannunsa na rawa. Wannan mutumin nake tunani tun da aka fara turo mini ɗalibai koyon aiki a ƙaramin asibitin da nake kula da shi a ƙasar Gwaram. Da wuya ya zama ɗan wani babba. Galibi tsohuwa ce da ta hawo acaɓa daga wajen Basirka ko Farin Dutse, ko manomin da fartanya ta sara a ƙafa, ko jinjirin da ba shi da bakin cewa a'a. Ya halatta mu koyi aiki a jikinsu ba da saninsu ba?

Koyon dai babu makawa. Imam Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya a Ihya'u, wato in gari ya rasa mai yi, laifin na kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, duk da ɗawainiyar mulki, ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da maganin basir. Kuma babban likita ba zai zauna a kowane ƙauye ba. Asibitin Tarayya na Birnin Kudu na can don ciwon da ya fi ƙarfinmu, amma zazzaɓin cizon sauro, gudawa, wankin ciwo, awon ciki da rigakafi, a hannunmu suke. Haka aka tsara tun bayan taron kiwon lafiya na Alma-Ata na 1978, kuma Olikoye Ransome-Kuti ya ƙarfafa tsarin lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Yaran da ke zuwa mana daga makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun shekara uku suke yi. A aji suna gwada allura a jikin mutum-mutumin roba, suna haddace littafin ƙa'idojin aiki. Sai dai roba ba ta zabura, ba ta kuka, jijiyarta ba ta ɓuya kamar ta yaron da gudawa ta tsotse. Dole wata rana a taɓa ɗan Adam.

A nan shari'a take tsayar da mu. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba. Ibnu Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa ko gwani in ya yi kuskure, kamar mai kaciyar da ya wuce iyaka, akwai diyya, sai dai danginsa ke ɗauka a wajen mafi yawan malamai. Wanda kuwa ba gwani ba, daga dukiyarsa za a biya. A Bagadaza, shekarar 931, mutuwar majinyaci guda ta sa Halifa Muƙtadir ya umarci Sinan ɗan Sabit ya jarraba likitocin birnin kafin a bar su su ci gaba. To ɗalibina fa? Bai zama gwani ba, kuma ba maƙaryaci ba ne. Abin da na fahimta, ilimin da zai halatta masa taɓa mutum ba a kansa yake ba tukuna, a kaina yake. Muddin ina tsaye a kansa, hannunsa hannuna ne, lamunin nawa ne. In na tafi shan shayi na bar shi da layin mutane, na mai da shi mutumin da hadisin ke magana a kai, kuma ni na jefa shi.

Abin ba wasa ba ne. Allurar ɗuwawu sai ka raba wurin gida huɗu a ranka, ka soka a sashen sama na waje. In ka gangaro ciki, akwai babbar jijiyar da ke sauka har tafin ƙafa. Ka taɓa ta, yaro ya tashi yana jan ƙafa, wataƙila har abada. Tazarar ba ta wuce 'yan yatsu ba. Shi ya sa nake ɗora yatsana a wurin kafin ɗalibi ya zare murfin allura.

Tsayuwata a kansa ta biya rabin haƙƙi ne kawai. Ɗaya rabin na mai jikin ne. Mutanenmu duk wanda suka gani da farar riga sun ɗauka ya gama karatu, kuma muna jin daɗin barinsu a haka don aiki ya yi sauri. Ni wannan shirun ha'inci nake ɗaukarsa. Ɗan wanzami shekaru yake yi yana riƙe wa ubansa zabira kafin a ba shi aska, kuma ranar da zai fara yi wa mutum ƙaho, gari duka ya san ɗan koyo ne. Mai miƙa bayansa da saninsa ya miƙa. Mu da muke taƙama da takardar shaida bai kamata mu gaza wanzamai gaskiya ba.

Wani abokin aikina, mutumin kirki, ya ce mini in muka riƙa faɗa, kowa zai ƙi, ɗalibai su koma makaranta ba su iya komai ba, ƙauyukan da za a tura su gobe su sha wahala. Hujjarsa tana da nauyi, amma abin da nake gani a ɗakin allura bai goyi bayansa ba. Nakan ce, "Iya, wannan 'yarki ce, koyo take yi. In kin yarda ita za ta ɗebi jinin, ina nan tsaye." Sau da yawa sai tsohuwa ta kalli yarinyar ta miƙa yatsa, ta ce, "Yi abinki, 'yar nan, Allah ya ba ki sa'a." Ta tafi da ladar sadaka, ta kuma san ta yi. Da mun yi shiru, jinin dai za a ɗiba, amma mun ƙwace abin da take shirye ta bayar kyauta.

Wasu kuwa suna ƙi. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, kai na zo wa." Na yi masa da kaina, ban ɓata rai ba, na kuma hana ɗalibin ɓata rai. Jikinsa amana ce Allah ya ba shi, ba mu ya ba wa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke iya ƙi galibi shi ne mai ido a gari. Talaka yakan ji tsoron in ya ce a'a za a hana shi magani. Don haka sai na fara gaya masa cewa ko ya ƙi, maganinsa na nan, kuma ba zai koma ƙarshen layi ba.

Farillar kifaya ta kowa ce, don haka bai dace nauyinta ya tare a jikin marasa galihu kaɗai ba. Awon hawan jini da sokar yatsa, ɗalibaina a jikin juna suke farawa, da nawa. Daga nan sai babban mutum mai ƙarfi da ya amince. Jinjiri shi ne na ƙarshe, sai na ga hannu ya natsu, sai kuma uwarsa ta ji ta yarda. Littafin da suke kawowa in sa hannu cewa sun yi aiki kaza, ba na sa hannu a kan abin da idona bai gani ba, ko wanda aka yi ba a tambayi mai jikin ba, ko da za a koma Jahun da shafi a buɗe.