Ƙarar da Ba Ka San Dalilinta Ba

Bari mu yi tunani tare a kan wata tambaya da wani ɗan'uwa ya kawo mini a Bariyenu, kusa da Jugu. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya zo da yamma, muka gaisa, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Fasto, idan mutum zai sayar da mota, tana wata ƙara, shi kansa bai san abin da ke kawo ƙarar ba, dole ne ya faɗa wa mai saye?"

Motar na san ta, kowa a garin ya san ta. Irin ƙaramar motar tsere ce mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana taɓa ƙasa. Daga Kwatano ya sayo ta, cikin tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jiragen ruwa. Tun da Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a watan Janairu na 2017, kasuwar motocin Kwatano ta girgiza, aka riƙa samun abin da a dā ba ya sayuwa da sauƙi. Sha'awa ta ja shi. Amma wannan mota an ƙera ta ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ba domin jar ƙasa da kwazazzaban hanyoyin ƙauyukanmu ba. Yanzu kuɗin makarantar yara ya taso, ga wani saurayi daga Parakou ya ga motar yana so.

Ƙarar kuwa kamar ana kaɗa ƙananan duwatsu a cikin gwangwani. Ba kullum take fitowa ba, sai inji ya yi zafi, an taka totur za a hau tudu. Ya kai ta wurin makanikai uku, ya samo amsa uku. Na farko ya ce laifin man kwalba ne da ake sayarwa a bakin hanya, wanda muke kira kpayo, domin man da ba shi da inganci yakan kama wuta kafin lokacinsa a cikin inji, ya riƙa ƙwanƙwasa. Na biyu ya ce daga ƙafa ne, mahaɗin da ke riƙe da tayar gaba ya ci. Na uku ya girgiza kai ya ce sai an sauke injin. Duba bambancin da ke tsakanin waɗannan amsoshi. Idan ta farko ce, sauya wurin shan mai ya isa. Idan ta uku ce, kuɗi ne mai yawa. Idan kuwa ta biyu ce, maganar rai ce, gama in wannan mahaɗi ya tsinke mota tana gudu, taya takan lanƙwashe a ƙarƙashinta. Daga Jugu zuwa Parakou kilomita fiye da 130 ne, hanyar cike da manyan motoci.

Ban raina hujjojin ɗan'uwan nan ba, kuma ina roƙonka kada ka yi saurin raina su. Ya ce ba ƙarya zai yi ba, shiru kawai zai yi. Ya ce tsohuwar mota ce, wanda ya sayi tsohuwar mota ya san ba sabuwa ya saya ba. Ya ce saurayin zai zo da makanikinsa, in makanikin bai ji ba, laifin wa? Sa'an nan ya kawo wadda ta fi ƙarfi: "Fasto, me zan faɗa? Ni kaina ban san ciwon ba. In na ce inji ne, wataƙila na yi wa motata ƙazafi."

A nan ne na daɗe ina tunani. Gaskiya ne bai san dalili ba. Amma akwai abin da ya sani sarai. Ya san akwai ƙara. Ya san lokacin da take fitowa. Ya san abin da mutum uku suka faɗa. Ya kuma san cewa in aka gwada motar da sanyin safiya, aka zaga gari a hankali na minti goma, ba wanda zai ji kome. Da na tambaye shi ƙarfe nawa ya ce wa saurayin ya zo, sai ya sunkuyar da kai. Bakwai na safe. Ka gani, ɗan'uwana, shirun nan ba hannu wofi yake ba, an riga an shirya masa lokaci. Wanda ya zaɓi sa'ar da aibu ba ya bayyana, ya riga ya yi magana, ko da bakinsa a rufe yake. Bambancinsa da mai zuba bakin mai mai kauri domin a danne bugun inji, ko mai ƙure rediyo lokacin gwaji, ƙarami ne ƙwarai.

Ba wanda ya ce sai ka zama makaniki kafin ka sayar da mota. Abin da mai saye yake binka shi ne abin da kunnenka ya ji, ba abin da ba ka sani ba. "Tana ƙara in ta yi zafi, an ba ni amsa uku, ban san wadda ke daidai ba." Wannan magana ba ta yi wa motar ƙazafi ba, ba ta kuma ɓoye kome ba.

Ko dokar mutane ta lura da wannan. Kundin dokokin Faransa na 1804, wanda ƙasashenmu suka gaji abubuwa da yawa daga cikinsa, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibu a sashe na 1641. Sashe na 1643 ya ƙara da cewa alhakin yana kansa ko da bai san da aibun ba, sai dai in an yi sharaɗi tun farko. Amma wa zai je kotu a kan motar da aka saya a gindin mangwaro ba takarda? Mu a nan abin da ke riƙe da ciniki shi ne maganar baki. Haka yake tun zamanin da fatake daga Kano suke yada zango a Jugu a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Ba mai iya kwance kowane huhu ya duba goro ɗaya bayan ɗaya. Maganar mai kaya da ta mai masauki ake dogara da ita, wanda aka kama ya cusa ruɓaɓɓe a tsakiya kuwa, baɗi ba zai ga baƙo a ƙofarsa ba.

Akwai wani abu kuma da na faɗa masa, ko da yake bai ji daɗinsa ba. Watanni yana jin ƙarar nan, amma bai taɓa barin motar ta kwana a gareji a bincika ta sosai ba. Ya ce rashin kuɗi ne. Mai yiwuwa. Amma na san zuciyar mutum, domin tawa ma haka take: wani lokaci muna gudun bincike ne domin mu ci gaba da cewa "ban sani ba" da lamiri a kwance.

Ya faɗa wa saurayin. Ina so in ce maka saurayin ya yaba masa ya ƙara kuɗi, amma ba haka aka yi ba. Ya saurara, ya yi godiya, ya hau mota ya koma Parakou, bai sake kira ba.

Bayan mako biyu aka kai motar wurin wani dattijon makaniki a Jugu. Bai kwance kome ba. Ya bar injin ya yi zafi sosai, ya sa giya a firi, ya ce wa yaronsa ya taka totur a hankali yana ƙarawa. Can sai ga ƙarar, mota kuwa tana tsaye. Dattijon ya ce to, ba ƙafa ba ce, tun da taya ba ta motsa ba. Ba man kwalba ba ne kuma, gama wannan ƙwanƙwasar sai inji yana jan nauyi take fitowa. Ya kwanta a ƙarƙashin motar da doguwar sanda yana danna wurare ɗaya bayan ɗaya. Da ya danna wani siririn faifan ƙarfe da ke kāre jikin mota daga zafin salansa, ƙarar ta ɗauke. Ya saki, ta dawo. Dutse ne ya buge shi, kusoshi biyu suka fita. Kuɗin gyaran bai kai na lita biyar na mai ba.

Matarsa ta ce, "Ka gani? A kan gwangwani ka kori mai saye." Na fahimci zafinta, ita ce take amsa wa yara in an koro su daga makaranta. Na ce mata, "Mama, ranar da saurayin nan ya zo, maigidanki bai san gwangwani ba ne. Amsa uku ke hannunsa, ɗaya daga cikinsu tana iya jefa ɗan wani a ƙarƙashin tirela." Ba ta amsa mini ba, ban kuma matsa mata ba.

Kuɗin makarantar dai sai da ya sayar da buhunan masarar da ya ajiye domin damina, 'yan'uwa kuma suka cika masa sauran. Motar tana nan a gindin mangwaro an lulluɓe ta da tamfol. Ranar kasuwar da ta wuce wani malamin makaranta ya zo dubawa. Ɗan'uwan ya ce masa ya dawo da azahar, lokacin da rana ta take, su hau tudu tare.