Lambar Wuyan Tsohon Soja: Laya Ce Ko Shaida?

A waɗansu gidaje na ƙasarmu, idan aka buɗe akwatin kaka bayan rasuwarsa, akan tarar da 'yan faya-fayai biyu ƙanana a jikin igiya, ɗaya kore mai kusurwa takwas, ɗaya ja zagayayye. Lambar wuya ke nan ta sojan da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Wani lokaci har gardama takan tashi a kanta. Wani ya ce a yar, gama abin da a ke ratayawa a wuya a tafi yaƙi da shi ai laya ce. Wani ya ce a ajiye, gama ita kaɗai ta rage musu. Wane ne da gaskiya?

Bari mu fara sanin abin tukuna. A zamanin mulkin Ingila an kwashi dubban samarinmu zuwa ƙasar Bama, wadda a ke kira Miyanma yanzu, domin su yaƙi Japan. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 kuwa ta bi bayanta, har suka ci garin Myohaung a Janairu 1945. Sunan garin nan ne aka sa wa wani barikin soja a Yaba ta Ikko. Sojan Ingila yakan rataya lamba biyu, an buga musu lambarsa da sunansa da addininsa. In ya faɗi, sai a bar koriyar a jikin gawa domin a san wanda aka binne, a cire jar a kai ofis domin a rubuta mutuwarsa. Saboda haka, ya mai karatu, in ka ga duka biyu a akwati ɗaya, alama ce mai su ya komo gida da ƙafafunsa.

To, a nan bambanci ya fito. Laya alkawari ta ke yi wa mutum cewa harsashi ba zai huda shi ba. Lambar wuya ba ta yi wa kowa alkawari ba. Tun ran da aka rataya wa saurayi ita, cewa ta ke yi, mai yiwuwa ne ka mutu, amma kada sunanka ya ɓace. Ba mai dogara gare ta domin tsari. Shaida ce kawai, kuma ajiye shaida ba laifi ba ne. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon akwai ginshiƙai da aka rubuta sunayen sojoji wajen 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Afirka ta Yamma. Iyalansu da sun sami ko faifai ɗaya, da sun riƙe shi hannu bibbiyu.

Amma wanda ya ce a ajiye, shi ma akwai kaya a kansa. Tun da lambar ba ta yi ƙarya ba, bai kamata masu riƙe da ita su yi ƙarya a kanta ba. Mukan so mu mai da kakanmu barden da ya kori dubu shi kaɗai. Gaskiya kuwa ita ce, da yawa cikinsu 'yan dako ne, sun ɗauki abinci da harsashi a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Waɗansu ba da son ransu suka tafi ba, matsa wa masu sarauta aka yi su kawo mutane. An biya su kuɗi ƙasa da na Turawan da suka yi yaƙi tare. Waɗansu sun komo suna firgita da dare, matansu da 'ya'yansu suka sha wahalar abin da ba su gani ba. In muka ɓoye waɗannan, ba kakanmu mu ke tunawa ba, wani ne dabam muka ƙaga. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne: ran da jika ya gane an yi ƙari, har gaskiyar ma zai daina yarda da ita.

Shekara 80 ta wuce tun da yaƙin ya ƙare a 1945, kusan dukan waɗanda suka je sun riga mu gidan gaskiya. Amma 'ya'yansu suna nan, sun tsufa. 'Yan'uwa, ku zauna da su tun da sauran lokaci. Ku tambayi inda ya je, da aikin da ya yi, da abin da ya ƙi faɗi, ku rubuta yadda aka gaya muku, ba ragi ba ƙari, ku ajiye takardar tare da lambar. Ran 15 ga Janairu, sa'ad da Nijeriya ke tunawa da sojojinta, ku karanta wa yara. Gwamnati ta riƙe lambarsa. Sanin mutumin kansa kuwa, in ba ku riƙe ba, ba mai riƙewa.